Asibiti ɗaya ya ce taifot, ɗaya ya ce babu: wa za mu yarda da shi?

Tambayar da wata 'yar'uwa ta turo ita ce: "Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta kusa wata biyu tana fama da zazzaɓi da kasala, ga rama. A ƙaramin asibitin unguwarmu an yi gwaji aka ce taifot da maleriya, ta sha allurai da magani har zagaye biyu ba sauƙi. Muka je babban asibitin gwamnati suka sake gwadawa suka ce ba maleriya, na taifot ɗin ma likita ya ce ba gwajin da ake dogara da shi ba ne, ya rubuta mana wasu guda shida, na jini, suga, ƙoda, hanta, fitsari da hoton ƙirji, ya ce mu dawo bayan sati biyu. Duka fa asibitin gwamnati ne, wa za mu yarda da shi? Ita kuma Mama tsoro ya kama ta, ta ce ba wanda zai ƙara ɗibar jininta."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, na yi shekaru ina wannan aiki a asibitocin gwamnati, na zauna a ƙarami na ƙauye na kuma zauna a babba na birni, don haka abin da zan faɗa miki da hannuna na yi shi, ba labari aka ba ni ba. Amsa a taƙaice: ki bi maganar likitan nan na biyu, ki lallaɓa Mama a yi gwaje-gwajen nan. Amma bari in yi miki bayanin dalili don ranki ya natsu, ke ma ki samu abin da za ki faɗa mata.

Mu fara da taifot ɗin nan don shi ya fi ci min rai. Gwajin da aka yi mata a unguwa, wanda ake ɗiban jini a ce ki zauna minti ashirin a miƙo miki takarda da lambobi irin su 1/80, 1/160, sunansa Widal, sunan wani likita ne ɗan Faransa da ya ƙirƙiro shi tun 1896. Kin ga kuwa ya haura shekara ɗari da ashirin. Shi wannan gwajin ba ƙwayar taifot yake gani ba, abin da yake gani shi ne sojojin da jiki ya taɓa haɗawa don yaƙar ƙwayar ko 'yan uwanta. To wa ya tashi a garuruwan nan namu, ya sha ruwan rijiya da na 'yan garuwa, ya ci zogale da latas na talla, a ce jikinsa bai taɓa haɗuwa da irin waɗannan ƙwayoyi ba? Wallahi in kika tara lafiyayyun mutane a kasuwa aka yi musu Widal za ki samu da yawa a cikinsu takarda ta nuna "taifot" alhali garau suke. Maleriya ma kanta tana iya ɗaga lambar. Asalin yadda aka tsara shi ma sau biyu ake yi, a ɗibi jini yau a sake ɗiba bayan kwana goma zuwa sati biyu a ga ko lambar ta ninka sosai, amma wa yake yin haka yanzu, sau ɗaya ake yi a rubuta allura.

Gwajin taifot na gaskiya shi ne wanda muke cewa kalcha, wato a zuba jinin a wata kwalba mai abincin ƙwayoyin cuta a ajiye a na'ura mai ɗumi a jira a ga ko ƙwayar za ta tsiro, yana ɗaukar kwana uku har zuwa bakwai, kuma ya fi kyau a ɗibi jinin kafin mutum ya fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙaramin asibiti ba shi da kayan yin wannan, shi ya sa suke riƙe da Widal. Ba mugunta ba ce, abin da ke hannunsu ke nan. Amma illar tana da girma, mutum ya yi wata biyu ana ɗura masa sifro, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurai na cutar da ba ita ke damunsa ba, ainihin ciwon yana can yana cin sa, kuɗi sun ƙare, ga ƙwayoyin cikin jikinsa suna koyon jure maganin ta yadda ranar da za a buƙace shi da gaske ba zai yi aiki ba.

Maleriya kuwa zai iya yiwuwa duka asibitocin biyu gaskiya suka faɗa. Ƙasarmu ita ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, ba abin mamaki ba ne a ce ranar farko tana da ita, ta sha magani ta tafi, shi ya sa na biyu ba su gani ba. Abin lura shi ne maleriyar ta tafi amma zazzaɓin bai tafi ba, ke nan akwai wani abu daban, kuma shi likitan yake nema. Ki kuma riƙe wannan don gaba: ɗan tsinken nan na gwajin gaggawa yana iya ci gaba da nuna layi biyu, wato akwai maleriya, har makonni bayan an warke, don haka kar a gama magani yau a koma kemis jibi a gwada a ce ai ba ta tafi ba a sake sabon zagaye.

Yanzu maganar "duka asibitin gwamnati ne". Sunan ne ɗaya 'yar'uwa, amma iyayen gidan daban-daban. Ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye, irin wanda iyayenmu ke kira sha-ka-tafi, a tsari na ƙaramar hukuma ne tare da hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Janar-janar ɗin nan na jiha ne. Su kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na tarayya ne. Kowanne da aljihun da yake ci, kowanne da irin ma'aikatan da aka ba shi. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, a ƙasarmu aka yi alkawarin amma kasafin tarayya shekara da shekaru a wajen kashi 5 yake yawo. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma inda kuɗin ke isa ana ganin bambanci, sai dai ba kowane asibiti ke cikin tsarin ba. Abin da ya rage a kan talaka yake faɗawa, cikin kowace naira ɗari da ake kashewa kan lafiya a Najeriya sama da saba'in daga aljihun majinyaci da danginsa suke fita. Ga ƙwararru suna ta ficewa Ingila da Saudiyya, ga yajin aiki.

Kuma bambancin ba tsakanin asibiti da asibiti kaɗai yake ba, a cikin gini ɗaya ma za ki gan shi. Na yi aiki a wani asibiti da ɗakin gwajin tibi, wato tarin fuka, da na cuta mai karya garkuwar jiki ke da sola da na'urar sanyaya ɗaki da firji mai ma'aunin sanyi ana rubutawa safe da yamma, saboda masu ba da tallafi daga waje suna zuwa dubawa, amma ka fito ka taka ƙafa goma ka shiga babban lab, wato ɗakin gwajin da kowa da kowa ke zuwa, firjinmu sai an kawo wuta. Sinadaran da muke gwaji da su yawancinsu sanyin digiri 2 zuwa 8 suke so. Wata shekara cikin watan Afrilu, ana wannan zafin da ko ruwan randa ɗumi yake yi, taransifoma ta lalace, janareta ba mai, firji ya kwana uku a kashe. Da aka samu wuta na kunna injin na fara sa abin da muke kira kwantirol, wani ruwa ne da mun riga mun san amsarsa, in inji ya ba da amsar daidai mun san lafiyarsa lau. Na sa sau uku yana ba ni lambar da ba ita ba. A waje kuwa benci cike, mutane tun asuba ba su karya ba saboda gwajin suga da na ƙoda, har da wani dattijo da ya taho daga ƙauye a bayan babur. Na fita na ce musu ku yi haƙuri yau ba za mu iya ba, dattijon nan ya yi ta faɗa har idonsa ya kawo ruwa, ya ce kuɗin motar ma rance ya yi. Har yau in na tuna abin yana taɓa ni. Amma da na karɓi jininsa na rubuta masa lambar da injin ya ba ni, da an iya ce masa ƙodarsa ta lalace alhali lafiyarta ƙalau, ko a ce lafiya lau alhali tana lalacewa.

Shi ya sa nake gaya wa mutane, lab ɗin da wani lokaci zai ce miki "yau injinmu ba daidai yake ba, ki dawo ko ki je wuri kaza" ya fi kwantar min da hankali a kan wanda bai taɓa cewa babu ba, kowane gwaji kika kawo minti talatin an ba ki amsa. Kuma kar ki ɗauka asibitin kuɗi ko lab mai tayil da gilashi shi ne mai inganci kai tsaye, akwai nagari sosai a cikinsu akwai kuma na neman kuɗi kawai. Haka a ƙauye na zauna da wani dattijon ma'aikaci da in ya duba jini a madubin likita ya ce ba maleriya to ki je ki kwanta, babu ita. Hannun da ya yi aikin da lafiyar kayan aikin su ne magana.

Abin da ke da idonki za ki iya lura da shi: a ɓare sabuwar allura a gabanku, a rubuta sunan Mama a jikin kwalbar tun kuna zaune kafin ku tashi, in ba a rubuta ba ki ce "don Allah Malam a sa sunanta", ba rashin kunya ba ne, musayar kwalba na daga cikin kura-kuran da suka fi faruwa in layi ya yi tsawo. Takardar sakamako kuma ta zo da suna, kwanan wata, ma'aunin da aka yi amfani da shi, iyakar lambobin da ake ɗauka lafiya, da sa hannun wanda ya yi. In lab na waje za ku je ki duba ko suna da rajista da hukumar MLSCN mai kula da ɗakunan gwaji, yawanci suna liƙa takardar a bango. In wani ya matsa lallai sai lab kaza kaɗai, kina da damar tambayar dalili, wani lokacin don ya san ingancinsu ne, wani lokacin kuma akwai ɗan kason da ake ba shi.

Gwaje-gwajen shida da aka rubuta kuwa, ni a ganina likitan ya yi tunani mai kyau. Dattijuwa da zazzaɓin wata biyu da rama, dole a duba yawan jininta da ƙwayoyin jinin, a duba suga don ciwon suga yana sa rama da kasala yana kuma buɗe ƙofa ga wasu cututtuka, a duba fitsari don ciwon mafitsara a tsofaffi sau da yawa ba ya zuwa da zafin fitsari sai dai zazzaɓi da kasala kawai, a duba ƙoda da hanta musamman bayan duk magungunan da ta sha, hoton ƙirji kuma saboda tarin fuka. In tana tari ko gumin dare ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba, gwajin majina na tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganinsa ma kyauta ne, kuma ana warkewa sarai.

Shirin da za ku yi yana da muhimmanci don rabin kuskuren gwaji tun kafin jini ya iso wurinmu yake faruwa. Na suga in an ce na kafin karyawa ne, awa takwas ba abinci, ba koko ba shayi ba goro, amma ruwa zalla ta sha abinta, yana ma sa jijiya ta fito a samu jinin da wuri. Na sha ganin tsohuwa ta ce "ban ci komai ba ɗana, kunu kawai na ɗan kurɓa", to kunun nan ya isa ya canza lambar. Fitsari kuma a kwalbar da lab suka bayar za a yi, ba kwalbar magani da aka ɗauraye a gida ba, ta yi tsarki da ruwa, ta bar na farko ya zuba, ta tari na tsakiya, a kai cikin awa ɗaya zuwa biyu. In ya daɗe a jaka cikin zafi ƙwayoyin da ba ruwansu za su hayayyafa a ciki, daga nan ne ake samun yawancin "staf" ɗin nan da ake tsorata mata da shi ana sayar musu da maganin sanyi na dubban nairori, alhali sau da yawa ƙwayar fata ce ta faɗa cikin kwalba. Ki kwashi duk kwalayen magungunan da ta sha ki tafi da su, har na gargajiya ki faɗa, ba wanda zai kama ki, sanin yana taimaka wa likita wajen karanta sakamakon hanta da ƙoda.

In kuɗin duka shidan bai samu lokaci ɗaya ba kar ku ɓace, wannan shi ne abin da mutanenmu suka fi yi, a karɓi takarda a ninke a sa ƙarƙashin katifa sai ciwo ya ci ƙarfi a dawo ranga-ranga. Ki koma wurin likitan ki ce "likita ga abin da ke hannunmu, wanne za mu fara?" zai jera miki su. Manyan asibitoci suna da ofishin walwalar marasa lafiya da ke taimaka wa marasa ƙarfi, ki tambaya. Ki kuma bincika inshorar lafiya ta jiharku, a Kano KSCHMA, a Kaduna KADCHMA, sauran jihohi ma da tasu, akwai tsarin da ake sa tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi.

Sai tsoron Mama, wanda shi ne ainihin aikin da ke gabanki. Kar ki yi mata faɗa, kar ki ce mata ai ba komai ba ne, don a wurinta komai ne. Iyayenmu da yawa suna ganin jinin da aka ɗiba ba ya dawowa, ga ta tana jin jiri tana ganin kanta ta rame, sai a zo a cika kwalba uku a gabanta, wasu ma sun ji ana cewa sayarwa ake yi. Ki ɗauko cokalin shayi ki nuna mata, cikinsa ɗaya mililita biyar ne, duk abin da za a ɗiba na waɗannan gwaje-gwaje bai fi cokali biyu zuwa uku ba, jikin babba kuwa yana ɗauke da wajen lita biyar, mai ba da gudummawar jini leda guda ake ɗiba kusan rabin lita ya tashi ya tafi gida. Wanda muka ɗiba na gwaji ba a ƙara wa kowa shi, in an gama zubar da shi ake yi. Ki roƙi a haɗa duka na jinin a huda ɗaya. Ki zauna kusa da ita ki riƙe ɗaya hannun, ta kau da kai tana salati, in mai jiri ce a ɗiba tana kwance. Ki sa mata ɗan abin karyawa a jaka ta ci da an gama. Sau da yawa kuma ba allurar suke tsoro ba, amsar suke tsoro, kar a ce ƙoda ko daji. In kin lura haka ne ki samu wanda take jin maganarsa, yayanta ko babban ɗanta ko malamar islamiyyarsu, ya tuna mata neman magani ba ya cin karo da tawakkali, kuma ciwon da aka gano da wuri ya fi sauƙin magani da sauƙin kuɗi.

In sakamako ya fito kafin ranar ganin likita, don Allah kar ki zauna da waya tsakar dare kina bincika kowace lamba, kar kuma ki ɗora hotonsa a guruf kowa ya faɗi nasa. Iyakar lambobin da kike gani a gefe an tsara su ne ta yadda ko cikin lafiyayyu ashirin za a samu kamar ɗaya ya ɗan fita layi, don haka ɗan sama kaɗan ko ƙasa kaɗan ba hukunci ba ne. Ma'auni ma yana rikita mutane, wani lab zai rubuta suga 6 wani ya rubuta 108, duk abu ɗaya ne, ana ninka na farkon sau 18 ne. Na ga matar da ta kwana kuka don an rubuta mata 95 ita kuma ta saba jin ana cewa 5. Mu kanmu ma'aikatan lab ba mu ne masu fassara ta ƙarshe ba, likitan da ya taɓa jikinta ya ji labarinta shi zai haɗa takarda da mutum. In sakamako ya zo da babbar magana, ko ya saɓa da yadda jikinta yake, a maimaita a wani wuri mai inganci kafin a ɗauki babban mataki, haƙƙinku ne, kamar yadda yake haƙƙinku a yi muku bayani da yaren da kuke ji, yana cikin kundin haƙƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018.

Ki sayi fayil na roba ki riƙa tara komai a ciki bi da bi, har takardar Widal ɗin nan da sunayen alluran da aka yi mata, ki kuma ɗauki hoton kowacce a waya, don kati yana ɓata a asibiti kuma ba lallai likitan da kuka gani yau shi za ku tarar ba.

Sati biyun da aka ba ku kuma ba dole sai ya cika ba. In sakamako ya haɗu da wuri ki je ki tambayi nas ɗin wurin ko za a iya matso muku da ranar. In kuwa kafin nan kika ga numfashinta yana sama-sama, ko ta fara rikicewa ba ta gane mutane, ko amai ya hana ta riƙe ko ruwa, ko fitsari ya ragu sosai, ko idonta ya yi rawaya, ko tafin hannunta ya yi fari fat, kar ki jira ranar kati, ki kai ta sashen gaggawa a wannan lokacin ko da tsakar dare ne, da fayil ɗin a hannunki. Kafin nan a dakata da ƙarin allurar taifot da sayen magani a kemis, in zazzaɓi ya taso farasitamol ya isa, ki riƙa rubuta ranar da lokacin da ya taso don ki nuna wa likita. Ki gaishe min da Mama da jiki, Allah ya tashi kafaɗunta.